Littafin da Na Sha da Keken Malam Haliru

Malam Haliru Mai Akwati ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, kofin shayi na hannuna. Ɗansa Sanusi ne ya kira daga Bodinga. Na ce, "Kai Sanusi, ka tabbata?" Ku ji tambayar banza, ɗa ake tambaya ko ya tabbata ubansa ya rasu.

Na Allah muke, wurinSa za mu koma.

Na san wani zai ce ai tsoho ne. Haka ne, ni ma mai wannan rubutu ba yaro ba ne. To amma makon jiya fa muna zaune da shi a zaurensa, yana ɓare gyaɗa yana tsokanata wai na fi shi furfura. Ba ciwo, ba tari. Sanusi ya ce ya dawo daga masallaci, ya ce a dama masa kunu, kafin a kawo rai ya yi halinsa.

Shi ke nan fa. Haka kawai.

Yaran yanzu tsoho mai sanda kawai suka sani. Mu kuwa mun san shi yana saurayi siriri, zamanin Turawa, lokacin da En'e, wato hukumar gargajiya, ta buɗe ɗakin karatu a Bodinga, abin da kuke cewa laburare. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa, da tabarmi da benci da akwatin littattafai. Shi aka ba riƙonsa.

Ɗakin bai taɓa zama shiru ba. Da hantsi yara ne, yana nuna musu hotuna yana ba su labari. In hannunka da datti ba ya korar ka, randa ce a bakin ƙofa, ka wanke ka shigo. Bayan la'asar dattawa su zo a karanta musu jarida, a yi ta gardama a kan farashin auduga. Akwai kuma ajin manya masu koyon baƙi da wasali. Ban taɓa jin ya gyara wa tsoho kuskure da ƙarfi ba, sai dai ya duƙa ya raɗa masa a kunne. Mata ba sa shigowa, sai ya riƙa aika littattafai gidan yayarsa, can suke taruwa da nasu zaman.

Wasu ranaku ya ɗaure akwatin a bayan keke, yau Dingyadi, gobe Lambara, ya zarce Shagari.

Akwai labarin da mahaifina ya hana mu faɗa. Ya ce, "Kada ku hwaɗi shina raye, kunya za shi ji. Ran da yab bar duniya ku hwaɗi, don a yi mai addu'a." Ban zaci yau ce ranar ba.

Mu mutanen Danchadi ne. Wata damina kurkunu ya kama ni a ƙafar hagu. Wanda bai san kurkunu ba ya gode wa Allah: tsutsa ce doguwa da ke ɓullowa daga ƙafa, ta kwantar da mutum daidai lokacin noma. Ƙafa ta kumbura, ba barci, ba tashi. An shafa wannan, an ɗaura wancan, shiru.

Ranar kasuwa Baba ya leƙa ɗakin karatu jin jarida, sai ya ga wani ɗan littafi da zanen ƙafa irin tawa sak. Ya ce, "Malam, wanga nika so."

Malam Haliru ya ce, "Akwai mai karanta maka gida, Baba?"

Baba ya ce, "Akwai dubara."

Dabarar kuwa ita ce wadda ya tashi ya gani. Tun kakanni, in ciwo ya gagara, rubutu ake yi a allo a wanke a sha. To ga rubutu na musamman a kan kurkunu, har da hoto, me ake jira? Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa. Inna ta ce, "Maigida, anya wanga irin na wankewa na?" Ya ce, "Rubutu dai duk rubutu na."

Ya tsoma. Tawada ta ƙi fita. Ya murza, ta ƙi. Ya bar shi ya jiƙa, ya ƙara murzawa, har takardu suka dagargaje kamar an dama fura.

Ni aka miƙa wa. Na sha, jama'a, na shanye tas. Warin kananzir ne da shi.

Sai da gari ya waye Baba ya dubi bangon da ya rage, ga hatimin En'e a jiki, sannan hankalinsa ya tashi. Kayan hukuma ne. Mutumin da tun da yake dogari bai taɓa tsayawa a ƙofar gidansa ba. Amma ba dogarin ne ya fi hana shi cin tuwo ba, Ɗan Ige ne. Wani tela ne a kasuwar Bodinga, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. In ya laƙaba maka suna, har jikokinka sai sun amsa. Kuma ba ya fashin zaman mayarwa.

Zaman mayarwa shi ne abin da aka fi cika ɗakin dominsa. Ranar kasuwa bayan azahar, duk wanda ya ari littafi zai ajiye a tabarma gaban jama'a, Malam ya buɗe ya duba shafi-shafi, sannan ya ce, "To, mi kag gani ciki?" Mai aro ya faɗi abin da ya ƙaru da shi, a yi tambaya, a yi dariya. Babu ƙofar baya. A gaban kowa ake mayarwa.

Baba ya ƙulle ragowar a wani tsumma. Ya ɗora ni a jaki don ya nuna ƙafata ga ɗan disfensa, shi ya sa komai a idona aka yi. Ina zaune a bakin ƙofa, ina kallon bayansa, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Layi ya zo kansa. Ya ajiye ƙullin.

Malam Haliru ya ɗaga gefen tsumman kaɗan. Ya dubi Baba, ya juyo ya dubi ƙafata. Sai ya mayar ya rufe, ya tura ƙullin ƙarƙashin cinyarsa. Ya ce, "Madalla, Baba. Allah shi saka."

Ɗan Ige ya yi caraf. "A'a Malam! Kowa an buɗe nashi. A buɗe muna wanga mu ga tsutsar nan."

Na ga kan Baba ya sunkuya.

Malam ya ce, "Tsutsa kaka son gani, Ɗan Ige? Ga ta can ƙahwar yaro, da ranta. Tashi ka dubo muna in kana da zuciya."

Ɗaki ya ɗauki dariya, don kowa ya san Ɗan Ige ko allura ta soke shi sai an yi masa fifita. Kafin dariyar ta lafa Malam ya ce, "Tunda Baba ya ɗauko muna zancen kurkunu, ku saurara." Ya zayyano abin da ke cikin littafin da ka. Cikin ruwan tafki ciwon yake. A tace ruwan sha da ƙyalle mai tsabta, in da hali a tafasa. Mai miki kada ya shiga tafki. Ya gama ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Baba?"

Baba ya ce, "Hakanan na." Muryarsa na rawa. Mutane suka ɗauka dattaku ne.

Muka kama hanyar gida. Muna isa ya kwance rawaninsa, ya yage gefe, ya ɗaure a bakin randa.

Abin da ba mu sani ba sai da kaka: da mai duba ɗakunan karatu ya zo ya ga babu littafin, Malam Haliru cewa ya yi, "Ruwa ya ɓata shi, kuma hannuna amanar take." Aka tambaye shi ƙarin bayani, ya ƙi bayarwa. Suka ɗauka ruwan sama ne ya same shi a hanya, suka karɓe keken har ƙarshen damina. Bai daina kai littattafai ƙauyuka ba. In ya samu aron jaki to, in bai samu ba ya ɗora akwatin a ka, ya bi taɓo har Shagari.

A haka Ɗan Ige ya gan shi ya ce, "Ga malami ya koma dako! Sannu Mai Akwati!" Sunan ya bi shi har yau da safe. Gidanmu ya kamata suna ya faɗa wa, shi ya tare.

Ƙafata ta warke a hankali, tabon na nan. Baba ya shiga ajin manya, da furfurarsa, har ya iya karanta jarida da kansa. Ni kuma Malam ne ya yi ta zarya gidanmu har aka sa ni makaranta. Koyarwar da na yi har na yi ritaya, a kan tabarmarsa ta fara.

A zamanmu na makon jiya, daga ni sai shi a zaure. Hankalinsa garau, har yana lissafo mini sunayen tsofaffin ajin manya da inda kowa ke zama. Sai na ji zuciyata ta cika. Na ce, "Malam, littahin kurkunun nan. Ni dai na gode."

Ya dube ni. Ya ce, "Wane littahi?"

Na ce, "Wanda Baba ya wanke."

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Can ya ce, "Ubanka dattijo na. Ni ban taɓa sanin ya ɓata kayan mutane ba." Ya turo mini faifan. "Ci gyaɗa."

Jama'a, Baba ya daɗe a kabari. Ɗan Ige ya tafi. En'e babu ita, Turawa babu su. Babu mai jin mu sai Allah. Amma mutumin nan ya ƙi buɗe tsumman, ko ga ni da na sha littafin.

Ina rubutun nan hawaye na hana ni ganin waya.

Ya Allah, yadda bawanKa Haliru ya rufa wa ubana asiri a gaban mutane, Ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe na kowa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Sanusi da 'yan'uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce. Ka tsaya ka roƙa masa gafara da bakinka.