Tsohuwar da ta riƙe igiyar rana

A Kwaya, lokacin sanyi, da an yi sallar isha'i sai mu zagaye wutar kara, Kaka na ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Ni haushi take ba ni. Ta faɗi magana ɗaya, ta ɓare gyaɗa, ƙas, sannan ta faɗi ta biyu.

"Kaka, don Allah ki yi sauri."

"Uwar gaggawa, wa ya koro ki?"

Wai a da, rana guga ce a bakin igiya. Da ta fito sai ta suɓuce ta faɗa yamma, kafin manomi ya ɗaga hauya duhu ya yi. Aka kirawo ƙarfafa suka riƙe igiyar gam, rana ta tsaya cak, gero ya ƙone. Sai wata tsohuwa mai yatsu biyu kacal ta yi wa igiyar ƙulli-ƙulli. Yatsa ɗaya ya saki ƙulli, ɗayan ya tare na gaba. Har yau tana can sama tana yi. Nakan bi tartsatsin wuta da ido, ina jin kamar wurinta suke tafiya.

Bara idon Kaka ya rufe. Maganin hawan jininta na da lokaci, ita kuwa wuni take ita kaɗai in an tafi gona. Ta taɓa haɗa na safe da na yamma, ta yi kwana uku kwance. Na ce zan yi mata agogon da ake shafawa da hannu, na taɓa ganin zanensa a lise, makarantarmu ta sakandare.

Na harhaɗa farantan keke masu haƙora, na rataya dutse ya riƙa juya su. Ina saki, dutsen ya faɗo tim, hannun agogon ya cinye wuni guda kafin in ƙifta ido. Na matse, ya ƙi motsi. Saura kaɗan in jefa shi rijiya.

"Ranarki ta faɗi ke nan?" in ji Kaka daga kan tabarma.

Na lanƙwasa ƙarfe mai baki biyu, na haɗa shi da sanda mai lilo. Kwana tara ina gyara bakin da magagari. Sanda ta tafi dama, baki ɗaya ya saki haƙori. Ta dawo, ɗayan ya tare. Ƙas. Ƙas.

Na kafa ƙusa biyu a fuskar agogon daidai lokutan maganin. Kaka ta shafa, ta saurara.

"Ƙarar gyaɗata kika sato. Amma ya cika sauri, ya biyo mai shi."

Na ƙara wa sandar tsawo, agogon ya rage sauri. Ashe duk shekarun nan ita ce mai yatsu biyun, ni ce dutsen. Ban faɗa mata ba, dariya za ta yi mini.