Sahabi Hangame da Bakin Makaɗa Labbo

Duk wanda ya san Sahabi Mai Hoto ya san bakinsa. Da zarar ya kafa ido a kyamara sai bakin ya buɗe, ba kuma zai rufu ba sai ya danna. Shi ya sa muka sa masa Hangame. Shagona na ɗinki yana jikin nasa a Talata Mafara, na kuma sha gaya masa wata rana sai ya haɗiye abin da ba a dafa ba. Ai kuwa a wani wasan kalangu a Bakura ƙuda ya faɗa! Ya haɗiye, ya danna, sannan ya yi tari. Na ce, "Haba Sahabi, mi yah hana ka tohwar da shi?" Ya ce, "In tohwar hannuna shi motsa? Ƙuda sun cika gari, makaɗin ko ba shi sake ɗaga hannu hakanga."

Lokacin ana gina madatsar ruwa ta Bakolori, gari ya cika da ma'aikata, in bazara ta yi kuwa kowane fili da nasa wasan. Sauran masu hoto suna zaune a shago suna tsai da mutane ƙiƙam gaban labule. Sahabi ya tsani wannan. Kullum maganarsa ita ce, "Hoton da ba shi motsi gawa na." Makaɗi yake so yana tsakar kiɗa, zufa na zuba, jijiyar wuya a tashe.

Ga maƙon fim! A Maradun wani direban tifa mai baƙin tabarau ya dinga shiga gaban mai goge yana cewa a ɗauke shi. Da ya ishi Sahabi, sai ya ɗaga kyamara ya yi ƙyas da harshensa, ya ce an gama. Ranar kasuwa direba ya zo karɓar hoto. Sahabi ya dube shi da tausayi ya ce, "Ka ƙone." Ya ce, "Ni? Ƙone?" Ya ce, "Ƙurmus. Ka riƙa tsai da salla."

Amma babban burinsa a duniya guda ne: ya ɗauki Makaɗa Labbo na Faru, mai gangar noma, yana tsakar waƙa. Bakinsa ne kuma ya ɓata masa lamarin tun ranar farko. Bayan doguwar gaisuwa sai ya ce, "Makaɗa, yau in ɗauke ka, gobe in wanke ka." Labbo ya ja da baya ya ce, "A'uzubillahi! Ina da raina? Kai ko tsarin jana'izar ba ka sani ba. Ai wanke mutum a kai, kana a ɗauke shi!" An yi masa bayanin cewa hoto ne ake wankewa, ya ce ya ji. Amma daga ranar, ko baitin ya kai tsakiya, in ya hango kyamara sai ya tsuke baki ya bar 'yan amshi da aiki. Daga baya muka gane har da giɓinsa yake ɓoyewa.

Sahabi ya ƙi haƙura. Ya ɓoye kyamara cikin babbar riga, Labbo ya gane shi da bakin. Ya hau tsamiya a Tsibiri, cinnaku suka sauko da shi ba shiri, wando a hannu. Na ce ya bar tsohon nan ya huta. Ya ce, "Tela, muryarshi tana tahiya da iska. In yam mutu mi za mu gwada ma jikoki?"

Sai aka ce wata tunga a bakin gulbi za ta tashi, ruwan madatsa zai cinye ta. Mutanen suka kira Labbo ya yi musu wasan ban kwana bayan la'asar, muka je tare. Labbo ya fara da wasa manoma kamar kullum. Can sai ya shiga kiran gonaki da sunayensu, da wanda ya sare kowace, da wanda ya gada. Mata suka daina guɗa. Tsoho ya manta da giɓi, ya manta da kowa, ya ɗaga kai yana waƙa hawaye na bin gemunsa. Sahabi bai ɓuya ba ranar. Ya taka har gabansa ya durƙusa ya danna. Wallahi ni ma na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Da aka wanke, Labbo ya zo shago da kansa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Giɓin ya hito." Sahabi ya ce, "Duba bayanka." Ga kukar tungar, ga rumbuna, ga rijiya. Labbo ya duba, sannan ya ce, "To, garin ma ya hito. Bar shi." Har yau in ka shiga gidajen mutanen nan inda suka koma, za ka ga hoton a bango. Ba su da wani abin da ya rage na garinsu sai shi.

Ranar da Sahabi ya rasu, Labbo ya iso yana dogara sanda, ya ce lallai da shi za a yi wankan. Da suka gama ya fito, ya dubi makara, ya ce, "Ka gani, Sahabi? Hakanga a ka yin ta. A wanke, kana a ɗauka." Muka yi dariya muna share ido, muka ɗauka.

Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya yafe masa har da na direban tifa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya nuna masa abin da zai sa ya sake hangame baki don murna. Amin.