Hannun Labbo Mai Awo

Shekara talatin yayana Labbo yana awon hatsi a kasuwar Shinkafi, ba a taɓa jin wanda ya ce tiyarsa ta rage ba. Gaskiyar nan ita ce dukiyarsa, don ko keke bai mallaka ba. Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru.

Shekarar da aka kafa shari'a a Zamfara wani baƙin tabo ya fito masa a tafin hannun dama. Ya ce gugar buhu ce. Da ya fara tsagewa yana jini, ni Halilu ƙanensa na ja shi asibiti a Kaura Namoda. Aka yanki ɗan nama aka aika Sakkwato gwaji.

Da sakamako ya dawo, likita ya ce kansar fata ce, amma mun yi sa'a, ba ta shiga jijiyoyin jini ba tukuna. In ta shiga, jini zai kwashe ta zuwa huhu da hanta. Ta riga ta ci tafin sosai, saboda haka za a cire shi daga wuyan hannu.

Labbo ya tura hannun cikin aljihu.

"Wagga shekara, likita? In shiga kasuwa da dungu? Wa za ya yarda a asibiti anka yanke shi? Ɓarawo za a ce, har jikokina."

Na ce za mu karɓi takardar asibiti da hatimi. Ya ce masu kawo gero daga Jangeru ba su karatun takarda, hannu suke dubi. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo limami. Ya koma kan tiyarsa da tsumma ɗaure a hannu.

Bayan wata tara ya rame, tari ya kama shi, ƙulli ya fito a hammatarsa. Da ƙafarsa ya koma, ya ɗora hannun a teburin likita.

"Ga shi nan, yanke."

Likita ya duba sabon gwaji ya ce ta shiga jini, yankewa ba ta da amfani yanzu.

Har yau ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin bakin mutanen kasuwa da ya fi tsoro a kan mutuwa. Ni na yi masa wankan gawa kafin kaka. A wajen zaman makoki kowa yana faɗin amanarsa, wani dillali har yana cewa hannun Labbo bai taɓa cin haram ba. Na ce masa gaskiya ne, ga shi can mun binne shi da abinsa.