Babban yatsan Gwaggo

Ina yarinya a Gangara, kafaɗata takan goce duk sanda na ja guga. Gwaggo, yayar babana, ta ce lalacin dangin uwata ne na sha a nono. Shekara uku tana faɗa, Inna tana haɗiyewa.

Ranar da ta kai ni asibitin Tanut, likita ya lanƙwasa babban yatsana har ya taɓa tsintsiyar hannuna. Ya ce gaɓoɓina ne ke da laushi, a raba ni da guga, kuma gado ne. Sai ya kama yatsan Gwaggo. Ya kwanta luf, ya ma fi nawa.

Har ta rasu, ban taɓa durƙusawa gaishe ta ba sai da yatsan nan a lanƙwashe, inda za ta gani.