Bindigar da Ta Zama Ganye

Duk wanda ya tashi a garin Baraga ya san Lorna Heikkinen. Ita ce ta shafe shekaru tana tuƙa motar makaranta, mace mai gajeren haƙuri, wadda harara ɗaya ta madubi ta isa ta zaunar da ƙaton yaro. Abu biyu take ji da su a duniya: farautar barewa ta watan Nuwamba, da bindigar da ta gada daga mahaifinta. Tsohuwar bindiga ce mai jar ƙota, baƙin ƙarfenta ya koɗe daidai inda tsohon yake riƙewa. Da ita ya koya mata harbi, da ita ya ciyar da su nama lokacin da aiki ya yanke masa.

Mijinta Orval fentin mota ya yi har ya yi ritaya, kuma zaman gida bai karɓe shi ba. Da ya ji labarin fentin da ake fesa wa bindiga don hana tsatsa, sai ya mayar da gareji wurin aiki. Ya fesa nasa, ya fesa na maƙwabta, ya riƙa gasa ƙarafan a tandar kicin har burodin gidan ya ɗauki warin fenti. Lorna ta yi faɗa ta gaji. Abu ɗaya ta ja masa kunne a kai: kada ya kuskura ya taɓa ta Baba.

Ya taɓa. Ta je jinyar ƙanwarta a Marquette, shi kuma ya hango ɗigon tsatsa kusa da kunamar bindigar, ya ga ai ga kyautar ranar haihuwar Lorna ta samu. Ya kankare ƙarfen tas. Ya tsinto ganyaye a bayan gida, ya riƙa ɗorawa yana feshi a kai, ruwan ƙasa, ruwan toka, rawaya, har ƙotar bai bari ba, wai don bindigar ta saje da ganyen daji.

Da ta dawo ta tarar da abin a kan tebur, ta daɗe tana kallo.

"Ina bindigar Baba?"

"Ga ta nan a gabanki, tsohuwa. Ko idon ne ya fara tafiya?"

"Orval, wa ya aike ka?"

Ya fara bayanin tsatsa, ta bar shi nan tsaye. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya fita da tsawa. Koɗewar nan ta wurin hannun mahaifinta ta ɓace, kuma wai so ne ya jawo haka, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Nuwamba ta zo, ta ɗauki bindigar haka nan, don ba ta iya harbi da wata. Ta harbi barewa a kan tudu, ta bi jini cikin kurmi har ta same ta. Sai ta yi abin da ta saba tun tana budurwa: ta kwantar da bindigar a kan ganye, ta feɗe barewar, ta ja ta da hannu biyu zuwa hanya da niyyar ta dawo ta ɗauki bindigar. A da jar ƙotar nan daga nesa take hango ta. Wannan karon ta dawo, ganye ko'ina, kowane ganye kamar ɗan'uwansa. Ta yi sama ta yi ƙasa, ta yi rarrafe tana lalube da hannu mai jini, har dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Washegari Orval ya kwaso abokansa, suka jeru suna tona ƙanƙara da ƙafa. Da suka gaji, maƙwabcinsu Toivo ya ce cikin zolaya lallai fentin ya yi aiki, tunda har mai shi ya ɓoye wa. Lorna ta juya, ta kama mijinta yana danne murmushi. Bawan Allah yabon ne ya yi masa daɗi.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ko shekara goma ta yi a nan, abin da zai same ta babu."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta hana ta sakat. Da ƙanƙara ta narke ta koma da na'urar gano ƙarfe ta aro, ta tono gwangwanayen giya da tsofaffin ƙusoshi. Bazarar gaba ma ta koma. Farauta kuwa ta daina, ta ƙi karɓar sabuwar da Orval ya sayo, tana nan a kwali.

Yanzu gwiwoyinta sun fara ciwo, amma har yau tana hawa tudun. Da tsohon ƙarfen ne, da tuni tsatsa ta cinye shi, ta yi kukanta ta haƙura kamar yadda ta haƙura da mahaifin. Amma ta san bindigar tana can kwance lafiya lau, wataƙila ma ta sha taka ta ta wuce.