Dammunan da Suka Haihu Ranar Lahadi

A wata unguwa da ke bayan Kaikai, cikin ƙasar Kusada, akwai manomi mai suna Irimiya. Gidansa ne kaɗai gidan Kirista a wurin. Mutum ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma rana ba ta taɓa riga shi isa gona ba. Ranar Lahadi kuwa ko fartanya ba ya taɓawa. Yakan ɗauki matarsa Rifkatu a babur su tafi sujada Kankia, sai bayan azahar su dawo.

Shekarar da gero ya yi kyau, aka duba tarin dammunansa aka ga abin ya kusa dubu. A wajenmu, wanda ya yi dami dubu shi ake naɗa wa rawanin Sarkin Noma. Mutanen garin Ƙofa, maƙwabtanmu, suna da nasu sarkin, kuma ba su bar mu mun manta ba ko a wace kasuwa.

Maƙwabcinsa Rabe, abokin tsokanarsa tun suna kiwon awaki, shi ya kasa barci da wannan “kusa”. Wata Lahadi, ƙurar babur ba ta gama kwanciya ba sai amalanke suka fito. Ban ce na ga kowa ba. Na dai ga shanu suna kai da komo gonar Irimiya, har da na mai unguwa Ummaru.

Irimiya ya dawo ya tarar tarin ya yi tsawo. Ya tsaya yana kallo. Rabe ya ɓullo yana washe baki.

“Irimiya, dubu ta cika! Har da ɗori!”

“Da safe ba haka na bar su ba.”

“To mi kake zuwa roƙo Kankia duk mako? An amsa maka, kana tambaya?”

Kafin magariba unguwa ta rikice. Mai unguwa ya aika gun dagaci a sa ranar naɗi. Rabe ya sayo rawani da kuɗinsa, ya gwada a kansa, ya gwada a kan jakinsa. Makaɗan gangar noma suka zo ba wanda ya kira su. Rifkatu, wadda ba ta san komai ba, ta gayyato matan zumunta na cocinsu da tulunansu na kiɗa, matan unguwa suka shiga suna guɗa, aka rasa waƙar wa ake amshi. Tsofaffin da ke kukan gwiwa na gan su a tsaye.

Shi kuwa mai abin yana gona, yana juya dammuna ɗaya bayan ɗaya. Kowa da irin ɗaurinsa. Rabe bahago ne, kabarsa ta hagu take murɗawa. Na Ummaru ƙulli biyu ne.

Da ya kai maganar gaban dagaci, da unguwa ta sha kunya. Da ya yi shiru, da ya sha rawani. Sai ya ari amalanken Rabe, ya loda, ya tsaya ƙofar gidan Rabe ɗin.

“Salamu alaikum. Wasu baƙi suka ɓato hanya suka kwana gonata. Na ga kamar ’yan gidan nan ne.”

“Kai, Irimiya! Wa zai sani?”

“Wanda ka ce ya amsa mini.”

Haka ya bi gida gida, yara na biye da ihu, makaɗa a bayansu, don su ba su ga dalilin dainawa ba. A ƙofar mai unguwa ya sauke hula ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, a gaya wa dagaci ban kai ba. Iyakar abin da za a ce ke nan.”

Ummaru ya kalli ƙulli biyun nan, ya yi tari, ya ce a shigar da su ta baya.

Rifkatu ta yi kwana biyu tana ajiye masa tuwo da ƙarfi. Amma ragon da aka saya don naɗin an riga an yanka, don haka aka ci, aka yi rawa, ba sarki. Mutanen Ƙofa sun ji labari, ba ta bakinsa ba, sun kuma rage surutu a kasuwa.

Tun daga lokacin Irimiya jan ƙyalle yake sa wa dammunansa. Bana ma gero ya yi kyau. Shekaranjiya na wuce gidan Rabe, na ga farin rawani a kan igiya yana shan iska.