Itacen da Kaka Ba Ta Mayar Wuta Ba

Shekarar da aka ba ƙasar nan 'yanci ina da shekara tara, muna zaune a unguwar Limawa, cikin ɗaki biyu na haya a wani gida mai doguwar katanga. Babana malami ne a makarantar mishan a Jimeta, kuma dattijo a ikilisiya. Shi ya je ƙauyenmu na wajen Numan ya ɗauko mahaifiyarsa bayan ambaliya ta cinye gonarta. Kaka ta girma a bakin kogi, inda mutum yana ƙofar ɗakinsa yana hango ƙetare. A Limawa kuwa katanga kawai take gani. Hausarta ba ta isa ciniki ba, Fulatanci ko gaisuwa ba ta iya ba, don haka ba ta fita sai ranar Lahadi. Idan jirgin ruwa ya iso da damina ya busa, sai ta ɗaga kai ta saurara har ya yi shiru, sannan ta koma tsinkar yakuwarta.

Bakin murhu ne kaɗai wurin da yake nata. Bayan tuwon yamma, kafin garwashi ya mutu, ni da ƙannena biyu mukan kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta zaro itace ɗaya daga wuta ta ajiye shi a gefe, kuma ba mai tashi sai ta gama ta mayar da shi.

"Mutanen cikin labari baƙi ne," in ji ta da yarenmu. "Na buɗe musu ƙofa sun shigo. In ban mayar da itacen ba, ta ina za su koma gida?"

Daga baya aikin jinya ya kai ni Garwa da Kumasi da wata ƙasar Turawa mai sanyi, na ji yadda kowa ke buɗe tatsuniya da rufe ta. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya damu da komawar mutanen labari gida kamar Kaka ba.

Wata yamma ta fara mana labarin 'yar masunci. Mai Ruwa, aljanin kogi, ya ɗauke ƙanenta yana wanka, sai ta nutsa ta bi shi. A can ƙasa ta tarar da gida mai haske, ga abinci iri-iri, amma da ta juya babu ƙofa. Kifayen da ke yawo a gidan duk mutane ne a dā. Kowannensu ya ci abincin gidan, ya manta sunansa, ya zama kifi. Mai Ruwa ya ce mata, "Ƙanenki yana cikinsu. In kin gane shi, ku tafi. Zaɓi ɗaya gare ki." Ta yi kwana uku ba ta ci komai ba, tana duban kifaye, duk kamarsu ɗaya. A rana ta huɗu yunwa ta ci ƙarfinta, ta miƙa hannu wajen ƙwarya.

A nan muka ji Baba ya jingina kekensa a zaure. Daga taron dattawa yake. Ya daɗe a tsaye yana kallon itacen da ke hayaƙi a gefe.

"Inna, an kai ƙarata," ya ce. "An ce a gidana ana kiran iskokin ruwa da itacen wuta."

"Labari nake ba jikokina, Malam."

"Na sani. Amma kina ajin baftisma. Dattawa sun ce ko ki bar waɗannan labaran, ko a cire sunanki."

Baba ba mugu ba ne. Yana yaro ya ga an hana kai ƙanensa asibiti don an ce na cikin ruwa ne suka kama shi, kuma yaron ya mutu. Kaka ita ma son baftismar take da gaske. Kowace ranar Jibin Ubangiji, wanda sai mai baftisma ke ci, tana zaune a bencin baya tana kallon ɗanta yana tafiya gaba ba tare da ita ba.

"Bari in ƙarasa wannan," ta ce. "Yarinyar tana ƙarƙashin ruwa."

"In na bar ki, gobe za a tambaye ni, kuma ba zan yi ƙarya ba."

Kaka ta dube shi, ta dube mu. "To, na ba da baki," ta ce, wato ta yi alkawari ke nan a yarenmu. Ta ɗauki itacen ta tsoma a ruwan wanke-wanke, ta shiga ɗaki da shi.

Na yi makonni ina binta. A wajen daka, a wajen wanki, ina raɗa mata, "Kaka, ta ci ko ba ta ci ba?" Amsarta ɗaya ce: "Rahila, na ba da baki." Nakan kwanta in ga yarinyar da hannu a miƙe, ba ta ci ba, ba ta janye ba. Ni ma haka na ji kaina, tsakanin Baba da nake tsoron saɓa wa da Kaka da ba zan iya fitarwa ba.

Shekara biyu bayan haka na fara aron littattafai daga kabad ɗin makaranta. Na samu wani na Turanci mai labarin makiyayi da usur ɗin azurfa, wanda in ya busa iska take zuwa ta ɗauke shi. Akwai mayya a ciki, akwai dodo mai aman wuta. Baba ya karɓa ya buɗe bangon, ya ga hatimin makaranta, ya miƙo mini ya ce in kula kada ya yage. Na riƙa karanta wa Kaka a bakin murhu ina juya mata da yarenmu. Ta saurara da kyau, har tana zagin makiyayin in ya yi wauta.

"Waɗannan ma ai iskoki ne," ta ce, "sai dai sun sa takalmi. Wa ya ba su izinin shiga gidan nan?"

Na nuna mata hatimin. Ta shafa shi da yatsa.

"Gobe ki aro mini abin bugawar, a buga mini a goshi."

Muka yi dariya har Mama ta leƙo. Amma da na ce to yanzu ta ƙarasa nata, sai ta girgiza kai. An riga an yi mata baftisma, an sa mata suna Hannatu, kuma a wurinta alkawari ba ya tsufa.

Ta rasu bayan shekara goma sha ɗaya da wancan dare, lokacin ana kiran wajenmu Jihar Arewa maso Gabas, ni kuma na dawo daga karatun jinya. Muna kwashe akwatinta muka tarar da itacen naɗe a tsumma, tare da katin baftismarta. Baba ya riƙe shi a hannu ya zauna a bakin gado.

"Rahila, ta taɓa gaya miki yadda yarinyar ta fito?"

"A'a, Baba. Ta ce ta ba ka baki."

"Ta ba ni labarin ina yaro," ya ce. "Na san ta fito. Na yi ta ƙoƙari in tuna ta yaya, ya ƙi zuwa."

Yau iyaye a ikilisiyarmu sukan kawo mini littattafai, tsofaffi da sababbi, su ce, "Mama, akwai sihiri a ciki, ya dace da ɗan Kirista?" Ba na duba hatimi, ba na ƙirga mayu. Nakan karɓa in karanta har shafin ƙarshe kafin in ce komai. Ina duba ko littafin ya kira mugunta da sunanta ko kuwa ya yi mata kwalliya, da kuma abin da yaro zai tashi yana so bayan ya rufe shi. Na ƙi waɗansu da babu aljani ko ɗaya a cikinsu. Na yarda da waɗansu masu cike da dodanni. Wanda na ƙi, nakan zauna da yaron in faɗa masa dalili, in kuma gaya masa yadda labarin ya ƙare, domin na san abin da rabin labari ke yi wa mutum.

Tsoron Baba yana da tushe, ban taɓa raina shi ba. Kuskuren dattawan ikilisiya shi ne sun yanke hukunci a kan labarin da ba su ji ƙarshensa ba, kuma labarin yarinya ce da ta shiga halaka don ta fito da ɗan'uwanta. Na tambayi tsofaffi a Numan, na ji labarin iri uku, babu wanda ya kai wurin ƙwaryar nan. Itacen yana cikin akwatina. Jikokina sun ce in ƙirƙiro ƙarshen in jefa itacen a wuta mu huta. Na gwada sau da yawa, amma duk wanda na ƙirƙiro nakan ji ba muryar Kaka ba ce, sai in sake naɗe itacen in mayar.